Wasiƙun da Aka Ɗinke a Jar Fata

Nata'ala baduku ya ɗinke wa Barakatu ɗiyar Alhaji Audi maratayin jakarta a kasuwar Ƙanƙara, farkon damina, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta.

Kuɗin mai sun shigo ƙasa a lokacin. Ma'aikata sun sayi babura, manoma sun sayi rediyo, har masu tallan goro sun ɗaura agogo. Nata'ala bai sayi komai ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinsa, Malam Rabo na Damari, can wajen Sabuwa, wanda baduku ne kuma mai rubuta waƙa da ajami. Tun ranar da aka rufe shi Nata'ala bai yi kuka ba, bai kuma yi dariya ba. Ya tattaro kayan aikinsa ya zo Ƙanƙara ya kama rumfa. Yana ci, yana salla, yana ɗinki. In an yabe shi ya ce to, in an zage shi ya ce to.

Barakatu ta miƙa masa jakar, ta zauna a bencin masu jira. Ta buɗe wani littafin rubutu tana karantawa ƙasa-ƙasa, ta rufe ido ta maimaita, ta buɗe ta duba. Sai da ya huda fatar sau biyar kafin ya yi magana.

"Malama, wace sura ce wannan? Ban taɓa jin ta ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ce ba sura ba ce, Turanci ne. Ita malamar firamare ce a Faskari, taron malamai ne ya kawo ta Ƙanƙara. Ta gama kwaleji, amma takarda ɗaya ta kayar da ita, ta waƙoƙin Turawa, kuma za ta sake zama da kaka. Kalmomi talatin ne a littafin. Ta haddace bayaninsu da Turanci tsaf, amma ko za a yanka ta ba ta san abin da suke nufi ba.

Ya ce ta faɗi ɗaya. Ta ce stanza. Shi sitanza ya ji, haka kuma ya riƙe ta har ya tsufa. Ta juya masa bayanin da Hausa a hankali: layuka ne na waƙa da ake tarawa wuri ɗaya, a bar fili, a sake tara waɗansu.

"Baiti ke nan," ya ce, bai ɗaga kai ba.

"Baiti? Irin na waƙar wa'azi?"

"Shi. Kowane layi kuma ɗango."

Ta daɗe tana kallon littafin. Ta ce shekara ukku ta yi a kwaleji, ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Baturiyar da ta koya musu ba ta jin Hausa, malamin Hausa kuma ba ya shiga harkar Baturiya.

Ta karanto ta biyu, rhyme, wato ƙarshen layuka ya zo da sauti ɗaya. Ya ce ƙafiya, waɗansu su ce amsa-amo. Ta ce ya ba ta misali. Ya ja zare ya ɗaure, sannan ya faɗa, ba da muryar waƙa ba, da muryar da yake ciniki da ita:

Na bar Damari rana tana tsaka,
Na iso Ƙanƙara ana ta shuka.

Ta rubuta a gefen shafi, ta yi dariya kaɗan, ta ce ashe abin da ya hana ta barci shekara guda yana nan a rumfar fata. Nata'ala ya lura cewa ɗinkin da yakan gama kafin mai jira ya gyara zama ya kai shi har la'asar. Bai ji komai a ransa ba. Ya dai lura.

Da za ta tafi ta ce saura kalma ashirin da takwas. Ya ce shi ba ya karanta boko. Ta ce ita ta yi allo, tana rubuta ajami, kuma Mani direba yana zuwa daga Faskari kowace ranar kasuwa. Ya ce to.

Mako ya zagayo, Mani ya miƙo masa takarda ta tagar mota.

"Zuwa ga Mai Basilla. Bayan gaisuwa. Jaka ba ta sake tsinkewa ba. Kalmar wannan mako ita ce refrain. Littafi ya ce layi ne da ake ta komawa gare shi bayan kowane baiti. Ka ga na ce baiti. Ni ce, Barakatu."

Ya fere alƙalami ya rubuta mata cewa amshi ne, ta sha yin sa a dandali tana yarinya. Ya ba Mani. Motar Mani tsohuwa ce, rufinta yana yoyo, ruwa kuma ya tare su a hanya. Tawadar allo don a wanke ta aka yi ta. Da takardar ta isa Faskari babu harafi ko ɗaya a kanta.

"Mai Basilla," ta rubuto, "takardarka ta iso a wanke. Ko so kake in sha?"

Nata'ala bai san wani naɗin takarda ba sai wanda ya koya a gaban mahaifinsa, na laya. Saboda haka ya sake rubuta amsar, ya naɗe ta ƙanana-ƙanana, ya nannaɗe da zare, ya ɗauko guntun jar fatar akuya cikin ragowar aiki ya ɗinke ta ruf. Ko a rafi ta faɗa ba za ta jiƙe ba. Bai yi tunanin komai ba bayan ruwan sama. Barakatu ta farke gefe ɗaya da reza, ta karanta, ta mayar cikin fatar ta ajiye a akwatinta. Ta ce masa kada ya canza, haka ta fi so.

Damina ta yi ta tafiya, wasiƙu na tafiya da ita. Wani mako kalma ɗaya, wani mako biyu ko ukku. Ta ce lullaby, ya ce waƙar reno. Ta ce ode, ta yi bayani mai tsawo, ya ce yabo ne, sai dai Turawa har tulu suna yi wa. Ta ce sonnet, waƙa mai ɗango goma sha huɗu ba ƙari ba ragi. Ya ce babu irinta a wurinmu.

"Wanda ya tsaya a sha huɗu ba shi da abin faɗi," ya rubuta. "Babana yakan kai baiti ɗari bai sha ruwa ba."

"Kai da ba ka kai kalma sha huɗu a wuni," ta amsa, "kai ne mai faɗin haka?"

Mani ya ce ya ga bakin Nata'ala ya motsa ranar da ya karanta wannan, amma ba zai rantse murmushi ne ba.

Da ta aiko metre, magana ta ƙi. Ya san abin, kari ne, tafiyar waƙa, inda murya ke ja da inda take gajarcewa. Amma ba ya faɗuwa a takarda. Sai ya yi yadda Malam Rabo ya koya masa. Ya ja layuka a tsaye da a kwance suka zama gidaje, gidan gaɓa mai tsawo ya sa sanda, na gajera ya sa ɗigo, ya ce ta buga da yatsa a kan tebur. Ta ce wannan takardar ita kaɗai ta fi Baturiya.

Sau biyu ta ƙara zuwa Ƙanƙara a daminar. Na farko ta ce takalminta ne ya ɓalle, na biyu ma takalmin ne, kuma Nata'ala ya ga wurin da aka sa reza aka taimaka masa. Ya ɗinka a hankali. Ta zauna a benci tana ba shi labarin yaran ajinta, su saba'in, waɗansu ƙarƙashin bishiya don aji bai isa ba. Yana sauraro. Da ta tashi ya ce mata Baraka, ya yanke sauran sunan. Ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi.

Sai wata wasiƙa ta zo a watan da dawa ke fitar da kai.

"Mai Basilla nawa. Kalmar ita ce elegy. Littafi ya ce waƙa ce da ake yi wa wanda ya mutu."

Ya karanta, ya sa ta ƙarƙashin katakon yankan fata. Ranar kasuwa Mani ya tsaya ya miƙo hannu, Nata'ala ya ce babu. Mako na biyu ma babu. A na ukku Mani ne ya kawo.

"Malam Nata'ala. In ka gaji ka faɗa. Akwai mai zuwa ƙofar gidanmu da sabon babur, sunansa Harisu, akawu ne. Ya ce yana da ƙamus babba, kowace kalma tana ciki. Ban ce masa komai ba tukuna."

Ba ta taɓa rubuta sunansa ba sai ranar. Ya ajiye aikin da ke hannunsa, mai takalmi na tsaye yana jira, ya rubuta wasiƙar da ta fi kowace tsawo.

"Baraka. Marsiyya ce. Da babana ya rasu mutanen Damari sun zauna jiran in yi masa, don shi ya yi wa iyayensu. Na jiƙa tawada na zauna kwana bakwai, ko ɗango ɗaya bai zo ba. Ba baƙin ciki ne ya hana ni ba. Babu komai ne a wurin, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Shi ya sa na bar garin. Ban gaji da ke ba. Da zuwan Mani kaɗai nake sanin wace rana ce."

Amsarta ba ta jira ranar kasuwa ba, wani mai lodin masara ta ba.

"Mai Basilla nawa. Na yi kuskure, ka yafe mini. In ƙafa ce za ta saki, ni ba sauri nake ba. Ƙamus ɗin Harisu Turanci yake fassarawa da Turanci. Na gaya masa ya daina ɓata man babur ɗinsa."

Da kalmomi talatin suka ƙare, Nata'ala ya zauna wuni guda da takarda a gabansa. Sannan ya rubuta.

"Yau ni ke da tambaya. Mi Turawa ke ce wa tahmisi? Shi ne ka samu baitin wani mai ɗango biyu, ka ɗora ukku a kansa su zama biyar. Ba ka taɓa nasa, kuma ƙafiyarsa kake bi. Haka nake so in zauna da ke, in Alhaji ya yarda. Ba zan hana ki aji ba."

"Na duba, babu shi a littafi," ta amsa. "Ka turo manyanka."

Bai kai ga turawa ba. Barakatu marainiya ce ta wajen uwa, yayar mahaifinta ce ta rene ta, wadda kowa a gidan ke ce wa Goggo. Da ruwa ya ja baya Goggo ta fito da akwatuna don ta shanya tufafi, Barakatu na makaranta. A ƙarƙashin zannuwa ta tarar da jajayen layu goma sha bakwai, ɗinkin hannu ɗaya.

Mani ya zo ba ranar kasuwa ba, ya ce Alhaji Audi na kira. Nata'ala ya sa wankakkiyar rigarsa, a zatonsa ta gaya wa mahaifinta. Mani bai yi hira a hanya ba, shi da bakinsa ba ya hutawa.

Da hantsi suka isa. Alhaji Audi bafataken hatsi ne, dogo, ba ya son magana biyu. Yana zaune a zaure da limamin unguwa. A tsakaninsu faifai, a kan faifan layun.

"Aikinka ne wanga?"

"Nawa ne, Alhaji."

Ya yi bayani yadda ya iya, a taƙaice. Wasiƙu ne. Motar Mani na yoyo, tawada na wankewa, shi kuma fata ya sani. Liman ya ce ya buɗe huɗu. Babu aya a ciki, babu sunan Allah, sai waɗansu kalmomi da ba Larabci ba, ba Hausa ba, ba Fillanci ba. Wannan bai dame shi ba sosai, don yarinyar ta ce na makaranta ne. Abin da ya tsaya masa shi ne wannan. Ya ɗaga takardar kari, mai gidaje da sanduna da ɗigo. Ya ce shekara talatin yana duba littattafai, bai taɓa ganin hatimi irin wannan ba.

Nata'ala ya ce ba hatimi ba ne, awon waƙa ne. Ya buga da yatsa a kan tabarma, doguwa, gajera, gajera, doguwa. Liman ya saurara, ya ce yana yiwuwa, amma ba zai ɗora rantsuwarsa a kai ba.

Muryar Goggo ta fito daga bayan ƙofa. "Tun da nake ban taɓa ganin an ɗinke gaisuwa cikin jar fata ba. Ƙarƙashin zannuwanta fa, Alhaji, waɗanda take ɗaurawa a jikinta."

Ta ce yarinya ta kori akawu mai babur saboda mutumin da ke warin jimar fata. Ta ce mako biyun da Mani bai kawo komai ba, yarinyar ba ta ci abincin kirki ba, tana zaune kamar an zare mata laka. In ba asiri ba mi ne ne wannan? An tambaye ta, ta ce wasiƙu ne, to wanda aka yi wa asiri dama mi zai ce?

Nata'ala ya ce nata wasiƙun suna Ƙanƙara, zai iya kawowa a karanta. Alhaji Audi ya ce wasiƙunta za su nuna tana son sa, kuma ba a musun wannan. Abin da ake tambaya shi ne mi ya sa.

Nata'ala shi ma bai sani ba.

"Ban yi wa ɗiyata dole ba," in ji Alhaji Audi, "ba kuma zan bari a yi mata da fata da zare ba."

Sai ya yanke. Za a ƙone layun yau. Liman zai rubuta makari, ta sha safe da yamma kwana arba'in. Liman ya ce babu asirin da ke wuce arba'in bayan an ƙone shi an sha makarinsa. Nata'ala zai rufe rumfa ya koma Damari, ba takarda, ba saƙo, Mani zai dafa Alƙur'ani a kan haka. Ranar arba'in ya zo da waliyyinsa. In ta haƙura da shi, kada ya sake taka Faskari. In ba ta haƙura ba, a ɗaura a ranar, a wannan zauren.

Liman ya tambayi yadda za a ji ta bakinta. Alhaji Audi ya ce shi zai tambaye ta da kansa, a gaban kowa, ko ta haƙura. In ta yi shiru ta haƙura ke nan, kamar yadda ake ɗaukar shirun budurwa a kowane aure.

Goggo ta ce madalla. Nata'ala ya gane dalili. Budurwa ba ta buɗe baki a gaban ubanta da liman da baƙi ta ce tana son namiji. Ko tana so kamar ta mutu, sunkuyawa take yi. Alhaji Audi bai yi da mugunta ba, haka ya san ana tambaya. Amma tambayar ta juya, kuma kunya tana gefen Goggo. Aka dubi Nata'ala.

Ya ce to.

A tsakar gida aka ƙone layun. Bai gani ba, amma ya san warin fata in ta kama wuta. Warin ya bi shi har tasha.

A Damari ya sauka gidan Baba Gide, ƙanin mahaifinsa. Kaka ta yi, ana neman hannu. Ya karya masara, ya yanki dawa, ya ɗaure dami ya ɗauka a ka. Mutanen gari sun gaishe shi, ba wanda ya ta da maganar marsiyya. Sau ɗaya ya je kabarin mahaifinsa, ya tsaya, ya yi addu'a, ya jira ko wani abu zai zo. Tururuwa na jan ƙwayar gero a kan tudun. Ya kalle su har suka shige rami, ya dawo gona.

Bai ƙirga kwanaki ba, Baba Gide ne ke ƙirgawa. Rana ɗaya kaɗai ya sani, ranar jarrabawarta, don ta sha rubuta masa ita. Da safen nan yana yankan dawa Baba Gide ya ji shi yana magana da kansa, sitanza baiti, rayim ƙafiya, mita kari, kowace kalma da saran lauje ɗaya. Ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya.

Wani lokaci yakan zauna a gindin rumbu ya yi lissafin abin a ransa. Sau ukku ya taɓa ganinta. Sauran duk takarda ce, takardar kuma ta zama toka. Ya san bai yi asiri ba. Amma ya san ta zo ne da buƙata, kalmomi talatin, kuma buƙatar ta biya. Mai yiwuwa Goggo ta yi gaskiya ta wata fuska, abu ne da ya kama yarinya na ɗan lokaci, in an bar ta zai sake ta. Da ya kai nan sai ya ga babu zafi a tunanin. Ya tashi ya ba awaki harawa.

Saura kwana tara arba'in ta cika ya je kasuwar Sabuwa sayen zare. Wani mai awon hatsi da ke zuwa Faskari ya ce, ba da shi yake ba, an ga dattawan gidan su Harisu sun shiga zauren Alhaji Audi da ƙullin goro. Nata'ala ya karɓi zarensa ya dawo. Ya gaya wa Baba Gide ba sai sun wahalar da kansu ba.

Baba Gide yana gyaran igiya, bai ɗago ba. "An ce ka zo, ka ce to. Za ka je, ko don a faɗa maka a fuska. Ɗan Rabo ba ya jin hukunci a bakin masu awo."

Ranar arba'in ta faɗo Juma'a. Suka fito bayan asuba, suka bi ta Sabuwa, mota biyu suka canza, suka samu salla a Faskari. Bayan an sauko suka nufi gidan.

Zauren ya fi na wancan karo cika. Liman na nan, da maƙwabta biyu, da Mani a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu. A gefen Alhaji Audi ƙwarya ce rufe da ɗanyen ganye. Nata'ala ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai.

Alhaji Audi ya gani. Ya ce mutanen Harisu sun zo, ya mayar musu da goronsu, ya ce akwai magana a gabansu da ba ta ƙare ba. Wannan shi ya saya da kansa jiya. Ya ce ya bincika, Mani bai karya rantsuwa ba, kuma ya aika Damari an tabbatar masa baduku bai bar gona ba. Yarinya ta sha makari tamanin, Goggo ce ke riƙe ƙoƙon, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Saboda haka duk abin da ta yi yau nata ne.

Ya sa aka kira ta.

Ta zo bayan Goggo, ta durƙusa a bakin ƙofar ciki, rabin jikinta a zaure rabi a waje, mayafi har goshi. Ta rame. Nata'ala ya ga hannunta ɗaya a kan gwiwa, da shuɗin biro a yatsa. Ba ta dube shi ba.

"Liman, ka zama shaida," in ji Alhaji Audi. "In ta yi shiru, baƙi su sha ruwa su kama hanya, ba gaba tsakaninmu. In ta buɗe baki ta ƙi, ga waliyyinsa, ga ni, ga goro. Ka ɗaura yanzu. Na yafe abin da ya wuce, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Aka ce amin. Goggo ma ta ce, a hankali.

Ya juya ga ɗiyarsa, muryarsa ta sauka. "Barakatu, kin haƙura da wanga mutum?"

Shiru. Can maƙwabta wata na daka. Kaza ta leƙo zauren ta koma.

Liman ya ce a tambaya sau ukku, haka ya fi. Alhaji Audi ya sake tambaya, kalma ɗaya bai canza ba. Mayafin ya ƙara sauka. Yatsan nan mai shuɗi ya danne gwiwa har ya yi fari. Goggo ta sauke numfashi ta ce alhamdulillahi ƙasa-ƙasa, ta dafa kafaɗar yarinyar, irin dafawar da ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo.

Nata'ala na kallon tabarma. Ya ga inda ya buga yatsa kwana arba'in da suka wuce, kaba ɗaya ta ɓalle a wurin. Sai ya ji wani abu na buga masa a ƙirji da ƙarfi har cikin kunne. Ya cusa hannuwansa ƙarƙashin riga. Tsoro ne. Ya daɗe bai ji shi ba, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya gane shi.

"Wannan ce ta ƙarshe, ɗiyata," in ji Alhaji Audi. "Ba wanda zai ga laifinki. Kin haƙura?"

Dakan maƙwabta ya tsaya. Baba Gide ya miƙa hannu ya jawo takalmansa. Mani ya daina juya makulli.

Barakatu ta ɗaga kai. Ba Nata'ala ta duba ba, mahaifinta ta duba, har bakin ƙofar waje aka ji muryarta.

"A'a, Baba. Ban haƙura ba, kuma ba zan haƙura ba."